Garwashin da Yaya Sule bai ji ba

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayana, Sule mai soya, wato tsire, kuma har yau idan na bi layin masu gashi a unguwar Briqueterie nakan sami kaina ina kallon ƙafafun mutane maimakon fuskokinsu.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni lakwal, makarantar boko. Ciwon suga ya same shi yana da ƙarfinsa. Da farko ƙwaya yake sha, daga baya likita ya haɗa masa da allurar insulin. Sai shekarun matsi suka zo, waɗanda masu Faransanci ke kira la crise. Aka zaftare albashin ma'aikata, masu tsayawa da mota su sayi nama suka ɗauke ƙafa, magani kuma ya yi tsada a farmasi. Yaya ya fara ja wa allurar rai, yau ya yi, gobe ya bari. In na yi magana ya ce, "Rabi, jikina ne, na san shi."

Wata rana garwashi ya faɗo daga tukuba ya shige masa takalmi. Bai ji ba. Matarsa Inna Hawa ce ta ga ƙunar da yamma yana alwala. Sugan ya riga ya kashe masa jijiyoyin ƙafa, mu kuwa muka ɗauka rashin zafin alama ce ta sauƙi. Ya ɗaure da tsumma ya koma bakin wuta. Gyambon ya ƙi warkewa, ya fara wari, amma jikinsa bai yi zazzaɓi ba, don haka kowa ya ce da sauƙi.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne safiyar da ya kira ni da sunan mahaifiyarmu. Numfashinsa sama-sama, hannuwansa sanyi ƙalau. Muka ɗauki taksi zuwa asibiti, aka wuce da shi ɗakin masu ciwo mai tsanani.

Likitar mace ce, da Faransanci take magana, ni nake fassara wa Inna Hawa. Ta ce ƙwayoyin cuta sun bar ƙafar sun shiga jini. Suga mai yawa yana raunana garkuwar jiki, cutar kuma tana ƙara ingiza sugan sama, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Ta karɓi ƙwayoyinsa ta ajiye gefe, ta ce ƙodarsa ta gaji, yanzu za su iya yi masa illa. Insulin za a riƙa ba shi ta jijiya. Inna Hawa ta ce, "To a ba shi da yawa mana, sugan ya sauka gaba ɗaya." Da na fassara, likitar ta girgiza kai. Ta ce in ya sauka fiye da kima, shi ma kisa yake, kuma mutumin da ba ya cikin hayyacinsa ba zai iya cewa yana jin jiri ba.

Haka muka zauna a baranda, ana soka masa yatsa a kai a kai don auna sugan. In nas ta fito ta ce ya hau, gabanmu ya faɗi. In ta ce ya sauka, ya sake faɗuwa. Ban taɓa zama inda babu labarin da zai sanyaya rai ba sai nan. Ya farfaɗo sau ɗaya, ya tambaya ko an rufe naman. Daga nan jininsa ya yi ƙasa, fitsari ya ɗauke, ya cika ranar Laraba da hantsi.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Na'urar gwajin suga tana shiga aljihu, ana samunta har a kusa da kasuwar Mokolo. Ni ma ina da tawa, domin ciwon ya zo kaina. Amma ban tabbata zai saya ba. Maza irinsa suna nan a layin, tsaye a gaban wuta da silifas, suna cewa sun san jikinsu.

Ya bar suna mai kyau, ya bar tukubar da har yanzu take ciyar da gida biyu. Ya kuma bar jininsa a jikin 'ya'yansa, wannan ne yake hana ni sukuni. A watan jiya na matsa wa babban ɗansa, Bashiru, wanda ya gaji sana'ar, na gwada shi da na'urata. Lambar da ta fito ta yi sama sosai. Na ce gobe da safe za mu asibiti.

Ya ce, "Gwaggo, nama fa? Wa zai tsaya?"

Na ce ya ruɓe. Na aika aka ɗauko min mayafina da maganina, na kwana a gidansa don kada ya sulale.