Ƙafar da Ta Hana Ni Zuwa Kano

Karaya ce ko targaɗe? Shekara ta fi ashirin ina tambayar kaina, kuma mutum biyun da suka san gaskiya duk sun kwanta dama. Rubuta haka nan, Malam. In ka ga ina dariya ina share hawaye, ci gaba da aikinka.

Maigidana fatauci yake yi, yana kai kanwa Kano a kan jakuna. Tun ina amarya a Matameye nake roƙonsa ya je da ni in ga kasuwar da ake cewa mutum na ɓata a cikinta, kullum sai ya ce baɗi. Sai da 'ya'yanmu suka tasa, wata rana bayan girbin gero, yana shan fura, ya ce in shirya, ayari zai tashi nan da kwana bakwai kuma da ni za a tafi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na rangaɗa guɗa, na kama rawa a tsakar gida, ni da furfura ta fara fito mini, har na ce sai na tsallake turmi. Na tsallake kuwa. Ashe taɓarya na kwance a bayansa. Na sauka a kanta, ta mirgina, ƙafar hagu ta lanƙwashe. Ina ƙasa ina ƙyalƙyala dariya, shi kuma ya ƙware da fura.

Kafin la'asar ƙafa ta yi suntum. Gwaggona ta zo ta lallatsa, ta ce targaɗe ne, jijiya ce ta gurɗe, ruwan zafi da man shanu za su tashe ni cikin kwana biyar. In karaya ce kuwa, kowa ya sani, kwana arba'in ne a kwance, Kano kuma sai a labari.

Washegari maigida ya ɗora ni a jaki zuwa Kance, wurin wani tsohon maɗori. Sun daɗe a zaure su biyu kafin a shigar da ni. Na ɗauka gaisuwa ce.

Na cusa goro a baki don kada in yi ƙara. Tsohon ya ƙwanƙwasa diddigena, ya tambaya ko da zafi, na ce ko kaɗan. Ya kara kunne yana motsa ƙafar, wai ko zai ji ƙashi na gugar ƙashi, na hau yi masa waƙa don kada ya ji komai. Sai ya ce in yi taku huɗu zuwa gindin rumbu. Na yi uku da kyau. Na huɗu a kan akuyarsa na ƙare.

"Baba, akuyarka ce ta tare mini hanya."

"Tun asuba take ɗaure a nan, ɗiyata."

Ya bayyana mini cewa ciwon targaɗe a taushin gaɓa yake zama, na karaya kuwa a kan ƙashi. Ya bi gefen ƙafar da babban yatsa tun daga ƙaramin ɗan yatsa, ya danna wani wuri, goro ya yi tsalle daga bakina. Amma wallahi irin dannar nan ko lafiyayyar ƙafa sai ta yi kuka. Ya ce ƙashi ya tsage. Ya ɗaure mini ƙafar da karan dawa, ya karya ƙafar wata kaza ya ɗora ta, ya ba ni ita, wai tare za mu warke.

Gwaggo ba ta yarda ba har ta bar duniya. Ta ce a shekarar ana maganar mahara a hanya, maigida ya ji nauyin janye alkawari, shi ne ya roƙi tsoho a zaure ya ce karaya ce. Ni dai a kwana na goma sha biyar ina bakin rijiya da tuluna, kaza kuwa tana nan tana ɗingishi. Wasu suka ce ƙaramin ƙashi haka yake, da wuri yake kamawa.

A lokacin ayari ya daɗe da tafiya. Jakunan maigida kaɗai abokan tafiya suka dawo mini da su. Zazzaɓi ne ya kama shi a hanyar dawowa, a can suka rufe shi. Da ina wurin, ko ruwa na ba shi da hannuna. Wannan ne ke sa ni kuka har gobe.

Safiyar da zai tafi ya shigo ɗaki da sandarsa. Na juya fuska ga bango, na ƙi amsa sallamarsa, kaza na ɗaure a ƙafar gado. Ya tsuguna ya yi wa kazar ban kwana da ladabi, ya ba ta amanata. Kafaɗuna suka tona mini asiri, don dariya ta ƙi ɓoyuwa, amma ban juyo ba. Ya dafa ni ya ce:

"Kada ki cinye fushin nan ke kaɗai, uwar gida. Rage mini, in na dawo mu ƙarasa."