Matuƙin Da Ya Koyi Buɗe Baki

Harisu ɗan Zango ne, na nan Wagadugu. Gidan da aka haife shi bai da nisa da filin jirgi, kafin a rushe unguwarsu a ba su wani wuri. Mahaifinsa fatauci na goro yake yi, kuma ya tarbiyyantar da 'ya'yansa a kan cewa babba ba a katse masa magana, ba a gyara masa kuskure a fili. Harisu ya fi duk 'yan'uwansa riƙe wannan. Ko a lakwal, in malami ya yi kuskure a allo, sai ya sunkuyar da kai.

Yana da kan lissafi, har ya samu tallafin zuwa ƙasar waje koyon tuƙin jirgin sama. Da ya dawo, wani ƙaramin kamfani ya ɗauke shi mataimakin matuƙi, aka haɗa shi da mai horarwa, Madam Rasmata, wata Bamosa, 'yar babbar ƙabilar ƙasar nan, da ta daɗe tana tuƙi.

Ita ce ta fara gano ciwonsa. A cikin na'urar gwaji mai kama da ɗakin tuƙi, takan yi kuskure da gangan, ta jira. Harisu yana gani, ya yi shiru. Rannan ta kashe na'urar, ta ba shi labarin jiragen da suka faɗi alhali injinsu lafiya lau: matuƙa biyu, wannan yana jan sandar tuƙi baya, wancan yana tura tasa gaba, kowa yana zaton shi ke riƙe da jirgin, babu wanda ya faɗa wa ɗan'uwansa. Ta ce ladabin da ya kawo daga gida abu ne mai kyau, amma in yana tuƙi akwai mutane fiye da ɗari zaune a bayansa. Watanni ta yi tana sa shi ya faɗi abin da ya gani da ƙarfi, har sai da ya saba.

Shekaru bayan haka, wata ranar damina da la'asar, suna saukowa Wagadugu shi da Kumandan Kalla, wani dattijo ɗan Nijar, sa'an mahaifinsa. Harisu ne ke tuƙin saukar. Iska mai ƙarfi ta buge su daga gefe, jirgin ya karkace. Kalla ya kai hannu ya kama tasa sandar bai ce komai ba. Harisu ya ji jirgin ba ya bin hannunsa yadda ya kamata, ya duba, ya ga su biyu ne ke ja, ga ƙasa tana matsowa.

"Kumandan, mu biyu muke tuƙi," ya ce. "Wa ke riƙe da jirgin?"

"Ni ne."

"Na sakar maka. Amma mun kauce daga layi, mu sake tashi."

Kalla ya ƙara wuta, suka hau sama, suka zaga har hadarin ya wuce, sannan suka sauka lafiya. Fasinjoji ba su san komai ba sai jinkirin da aka yi.

Bayan kowa ya fita, Harisu ya fara ba da haƙuri. Dattijon ya hana shi, ya ce shi ne ya taɓa sanda bai sanar ba, kuma haka zai rubuta a rahoto. Ya riƙe hannunsa ya daɗe yana sa masa albarka.

Yanzu Harisu shi ma kumanda ne. Madam Rasmata ta yi ritaya, tana zaune da jikokinta. Ba Musulma ba ce, amma duk Babbar Salla cinyar ragonsa gidanta take zuwa, shi da kansa yake kaiwa. Mahaifiyarsa Indabo, wadda har yau ba ta yarda ta hau jirgi ba, takan haɗa masa da dambun nama ta ce a gaishe ta.