Ledar Katifar Inna

A gidanmu na Kaoje ba a cire wa sabuwar katifa ledarta. Haka muka taso muka gani: katifa ta shekara tana ƙaras-ƙaras, duk mai shigowa ya san an yi sabuwa. Shi ya sa da ƙanena ya ɗauro wa Inna katifar soso a bayan babur tun daga kasuwar Illo, bayan ɓarin jikinta na dama ya shanye, babu wanda ya taɓa ledar. Har cewa muka yi ta yi amfani, tunda Inna ba ta iya riƙe fitsari. Muka ɗauke ta daga gadon kara muka kwantar a kai, ana ta sa masa albarka.

A gadon kara, da ta ɗan jima sai ta yi nishi, a zo a juya ta. A katifa kuwa shiru kake ji. Aka ce daɗi take ji, a bar ta ta huta.

Ni na fara ganin ciwon, ranar da na zo daga Bagudo zan yi mata wanka. Wani wuri a ƙugunta ya yi duhu, fatar ta saɓule, dunduniyarta ma ta soma. Malamar asibitin da muka kira ta wanke, ta ce gyambon kwanciya ne, in ya yi zurfi yakan kai ƙashi, har ya yi kisa. Ta ce a cire leda a shimfiɗa zane, a riƙa juya ta duk bayan awa biyu.

Na ce to, amma abin bai shige ni ba. Yaya kara mai tauri bai ci ta ba, sai soso mai laushi? Ni kuma tun ina ƙarama ba na yarda da zafin tukunya sai na taɓa. Da aka fitar da Inna inuwar mangwaro bayan azahar, na rufe ƙofa na haye katifar, leda da komai, na sha alwashin ba zan motsa ba.

Da farko daɗi, har na ce malamar nan ta cika surutu. Can sai gumi ya taru a bayana, ba inda zai bi, zanena ya manne. Soson ya lotsa, nauyina duka ya koma kan ƙashin ƙugu. Dunduniyata ta fara zugi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, sau biyu ina kama kaina na karkata ba da sanina ba. Ashe jikin mai lafiya shi ke juya kansa, ba ya jiran izini. Ko la'asar ban kai ba na diro, kunya ta ishe ni.

Na je na durƙusa kusa da ita. Na ce, "Inna, ashe haka kike ji? Don mi ba ki hwaɗa ba?"

Maganarta ba ta fita sosai, sai da na kai kunnena.

"Tun ranar hwarko tana cina," in ji ta. "To ƙanenki yat tahi har Illo cikin ranag ga. Ba ki ga yadda shika murna ba sanda anka aza ni bisa? Mi za ni ce mai?" Ta riƙe gefen zanena da hannunta mai lafiya. "Kak ki hwaɗa mai."

Na yi mata alkawari ina hawaye. A ranar na yage ledar, muka raba juyi tsakaninmu, gyambon ya rufe kafin girbin shinkafa. Inna ta ƙara shekara biyu a duniya. Har yau ƙanena yana ba baƙi labarin yadda katifarsa ta warkar mata da ciwo, ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Yaya?" Ni kuwa sai in ce ƙwarai.