Kwana Biyu a Kabo da Gwarzo Neman Sa Hannun Kwangila

Talata: Kano zuwa Kabo

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka fito daga gida, ni da yayana, Yaya Sule, bayan ya dawo daga masallaci. Na rataya jakar kayan aikina, shi kuma ya riƙe fayil. Ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta da haɗa sola a Kano, mu uku ke aiki a ciki. Shekarar ta zo da matsi: gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ofisoshin da ke kawo mana gyara sun daina, shi kansa Yaya Sule yana cikin malaman da aka sallama. Ana cikin haka aka buga a jarida cewa wata ma'aikata za ta sa kwamfutoci a ƙananan asibitocin karkara, kuma an ware wani kaso don ƙananan kamfanoni. Sharaɗin shi ne mai nema ya je ya ga wuraren da idonsa, shugaban kowane asibiti ya sa masa hannu. Guda uku na zaɓa, a yankin Kabo da Gwarzo. Na san in wannan ta kuɓuce, rufe shago zan yi.

A tashar Kabuga muka sami bas. Lokacin Shari'a ta kankama, mata a baya, maza a gaba, don haka fayil ya tafi gaba, ni da jaka muka yi baya. Shida da minti ashirin muka tashi. Kafin Rimin Gado muka tarar da shinge, wani jami'i ya leƙo ya nuna jakata.

"Hajiya, mene ne a ciki?"

"Kayan aiki ne, ranka ya daɗe. Sukundireba da mitar gwada wuta."

"Na maigida?"

"Nawa ne."

Ya ɗan dube ni, ya ce Allah ya taimaka, ya ɗaga wa direba hannu.

Bakwai da rabi muna Kabo. Muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha. Asibitin farko bai ba mu wahala ba. Aka nuna mana ɗakin da za a sa kwamfuta, na auna, aka sa hannu.

Yankin Masanawa

Nan tafiya ta fara tsauri. Babu abin hawa sai acaɓa, ni kuwa ba zan hau bayan namijin da ba muharramina ba. Mun fi awa biyu a gindin darbejiya kafin wata akori-kura mai kai taki ta zo. Direban, wani dattijo mai suna Malam Iro, ya ce in shiga gaba, Yaya Sule ya zauna tsakaninmu.

"Ku ma 'yan kwangila ne?" in ji shi. "Na sha ɗaukar irinku. Zuwa ɗaya kuke yi."

Muka shiga, ya ja mota.

Asibitin yana wani ƙauye gaba da Masanawa, ɗaki uku da baranda. Mai kula da shi, Malam Habu, ya tarbe mu da fara'a, ya karɓi takarda ya sa hannu tun kafin in buɗe baki. Na ce ina son ganin inda za a ajiye na'urar. Ya buɗe sito. Kwalaye biyu ne a kan benci, ko tef ɗinsu ba a yanke ba, gara ta ci gindin ɗaya.

"Waɗannan fa?"

"Kwamfutoci ne. Wani ɗan kwangila ya kawo shekarun baya, ya ɗau hoto ya tafi. Ai ba mu da wuta, Hajiya. Ko turken lantarki ɗaya babu a garin nan."

Na rubuta a littafina, amma ba zan ɓoye ba, abin da na ce a raina shi ne wannan ba matsalata ba ce. Sa hannu biyu sun samu.

Bayan la'asar muka kama hanyar Gwarzo, muka sauka gidan Inna Delu, ƙanwar mahaifiyarmu. Ta yi mana tuwon dawa miyar kuka da man shanu, ta yi ta faɗa wai na rame.

Laraba: Gwarzo zuwa Lakwaya

Ƙarfe bakwai muka bar gidan Inna a wata tsohuwar tasi mai ɗaukar mutum shida. Daga Lakwaya muka taka da ƙafa kamar minti arba'in, ta cikin gonakin dawa, zuwa ƙauyen da asibiti na uku yake. Tun daga nesa muka hango maza suna dawowa daga maƙabarta. Yaya Sule ya tsaya ya yi musu ta'aziyya, suka ce wata mata ce ta rasu. Asibitin kuwa a kulle.

Sai wajen goma ungozomar da ke riƙe da wurin ta iso, Hajiya Rabi, mace mai kimanin shekara hamsin, idanunta jawur. Muka gaisa, muka yi mata gaisuwar rashi. Ta ce ita ta yi wa mamaciyar wanka. Na ji nauyin fito da takarda, amma na fito da ita. Ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta ajiye a kan tebur.

"Kwamfuta," ta ce. "Taso ki ga wani abu, 'yata."

Ta kai ni ɗakin magani, ta buɗe wani farin firji. Ɗumi ne ya fito daga ciki.

"Wata huɗu ke nan da ya mutu. A nan nake ajiye allurar tsayar da jini bayan haihuwa, ita kuwa ba ta jure zafi. Jiya da yamma Saude, wadda aka binne yanzu, ta haihu a hannuna, jini ya ɓalle. Na yi mata allura biyu, kamar ruwa na zuba mata. Kafin a samo mota ta cika. Na rubuta takarda sau uku a zo a duba firjin nan. Waɗanda suka kafa shi ko lambarsu ba su bari ba."

Na tambaye ta ko da sola yake aiki. Ta nuna rufi. Na ajiye fayil na buɗe jaka.

Aka aro tsani, Yaya Sule ya hau da tsumma ya goge faifan solar, ina gaya masa wayar da zai taɓa da mita. Wuta tana saukowa lafiya. Na gwada batir, ya yi sanyi amma bai mutu ba. Na durƙusa na bi wayar da hannu ta bayan kabad, sai ga inda ɓera ya ci ta, wayoyin biyu suka haɗu suka ƙona fiyus, ɗan abin nan da ke katse wuta in ta yi yawa. Na yanke wurin, na haɗa, na naɗe, na sa sabon fiyus daga cikin waɗanda nake yawo da su. Muka jira rana ta ɗan cika batirin. Sha biyu saura minti goma firjin ya yi ƙara ya tashi.

Hajiya Rabi ta ɗora tafin hannunta a jikinsa. Ta dubi ƙonannen fiyus ɗin da ke hannuna, abin da bai kai ɗan yatsa ba.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Hajiya."

"Shi kaɗai?"

Na gyaɗa mata kai. Ta sulale ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi. Yaya Sule ya fita baranda. Ni ma na zauna kusa da ita.

Da ta tashi ta wanke fuska, ta ɗauki biro. Kafin ta sa hannu ta rubuta a saman layin: "Ba mu da wuta. Mai gyara muke buƙata kafin kwamfuta." Na ce mata wannan rubutun zai iya sa a jefar da takardata.

"Na sani," ta ce. "In kina so, ki kawo wata farar takardar, amma ba hannuna a kai."

Ina da wani kofen a fayil. Yaya Sule ya dube ni, ya san da shi. Ban ciro ba.

Na nuna mata yadda ake canza fiyus, na bar mata guda uku, na rubuta lambar shagonmu da alli a ƙofar kabad.

Komawa

Muka yi azahar a Lakwaya, muka biya Gwarzo muka yi sallama da Inna Delu, ta cusa mana ƙullin daddawa da kuka. Huɗu da kwata bas ta tashi, kilomita saba'in ɗin nan ban san yadda muka cinye su ba. Ana kiran magariba muka shiga gida.

Washegari na kai takarduna yadda suke, na haɗa da wasiƙa mai shafi biyu a kan abin da na gani. Kwangilar kwamfuta ban same ta ba. Na sallami ɗaya daga cikin ma'aikatana, kuma ranar na yi kuka. Sai bayan wata biyar wani jami'i da ya karanta wasiƙar ya aiko a kira ni, aka ba mu ɗan ƙaramin aikin zagaya asibitocin yankin muna duba sola da firji. Ba aikin da zai sa mutum ya yi gini ba ne, amma ya riƙe shagon, kuma Yaya Sule ne ke hawa rufin har yau.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Inna Delu da Malam Iro da Malam Habu, da Hajiya Rabi wadda ta ƙi sa mini hannu a kan ƙarya. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa Saude a addu'a. Ban taɓa ganin fuskarta ba. Kwana ɗaya na makara. Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari.