Kiryar da Malam Ya Ajiye

Ban iya rubutu ba. Malamar Islamiyyar unguwarmu ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa, in kuka ya zo mini sai ta dakata.

Mijina, Malam, mai yankan itace ne. A ƙauyenmu, nan kusa da Yasore, shi kaɗai ke da inji, irin wanda ake jan igiya ya tashi, sarƙarsa ta bi itace tana ci. Har Safana ana kiran shi aiki. Amma akwai aikin da bai taɓa karɓar komai a kai ba. In an yi rasuwa, shi ke yanka itatuwan da ake jerawa a kan kabari kafin a zuba ƙasa.

Tun daji yana shiguwa ya jawo wani gungumen kirya ya ajiye bayan rumbunmu. Kirya gara ba ta cin ta, kuma in ta bushe gatari sai dai ya yi tsalle a kanta. Ya ce ta kabarinsa ce. Na ce ya daina yi mana wannan fata. Ya yi dariya ya ce, "Na rufe rabin gari da darbejiya, ki bar ni in yi son kai sau ɗaya mana."

Da ciwo ya kwantar da shi, bayan an gama shuka, ya ce in ba shi tsumma. Na yago daga wani tsohon zanena shuɗi. Ya cusa shi a bakin salansar injin, inda hayaƙi ke fita, ya tura da tsinke har ya ɓace. Wai kada zanzaro ya shiga ya yi gini a ciki kafin ya warke. Ni kaɗai ce a ɗakin.

Bai warke ba. Wata biyu ya yi, ya cika da hantsi, hadari yana haɗowa daga gabas.

Aka zaunar da ni a ɗaki, mata suka cika shi. Katanga ɗaya ce tsakanina da bayan rumbu, saboda haka komai a kunnena aka yi. Ɗanmu na fari da ƙanen Malam suka ɗauko injin, don kowa ya san zancen kiryar. Na ji an ja igiya. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Aka sake ja, aka sake. Ƙanen ya ce man ya kwana biyu, suka zubar, suka haɗa sabon fetur da baƙin mai. Bai tashi ba. Wani ya ce ya sha mai, a cire fulogi. Aka kawo fulogin bakin murhuna aka gasa shi a wuta, aka kankare, aka mayar. Aka aika a kira bakanike, aka ce ya tafi kasuwar Batsari, wayarsa ba ta shiga. Duk ja sai injin ya yi kamar wanda aka shaƙe wa wuya.

Wannan shaƙewar ce ta tuna mini da tsumman.

Na yunƙura zan tashi. Yayar Malam, wadda ke zaune a gefena, ta riƙo mayafina ta ce ina za ni. Na ce akwai tsumma a cikin injin, a gaya musu.

"Gawar mijinki na kwance kina zancen tsumma? Zauna ki yi salati."

Matan suka dubi juna. Wata ta ce a ba ni ruwa, abin ya taɓa mini kai. Na sake faɗa, a hankali, babu wadda ta motsa. Da na ɗaga murya ɗana zai ji ni ta katanga, na san haka. Amma tsakar gida cike da maza da malamai, ni kuwa tun da aka kawo ni gidan nan muryata ba ta taɓa tsallake katangar ba. Na karɓi ruwan na sha. Na zauna.

Daga nan na ji sun koma gatari. Suka yi ta bugun kiryar har ƙota ta karye. Liman ya ce ba a ajiye gawa saboda itace, ga ruwa zai sauko. Sai suka sassare rassan darbejiyar ƙofar gida, ɗanyu, suka tafi da Malam maƙabarta. Ko da suka dawo an fara yayyafi.

Bayan sadakar uku na kira ɗana ɗaki na ce ya kawo injin. Na lanƙwasa waya na zura a salansar, tsumman ya fito baƙi ƙirin, sai gefe ɗaya da shuɗinsa ya rage. Ya fita da injin tsakar gida. Ja biyu ya yi, ya tashi, ƙararsa ta cika gidan kamar mai shi yana nan. Ya kashe, ya zauna a ƙasa.

"Inna, me ya hana ki kira ni?"



Malamar nan da ke rubutu ta sha gaya mini itace ba ya ƙara wa mamaci komai, aikinsa ne ke bin shi. Na sani, na yarda. Amma damina ta biyu ɗana ya dawo daga maƙabarta ya ce kabarin ya rufta ta gefe, sun ƙara ƙasa. Kwana uku ban iya cin tuwo ba.

Ɗana ya yanka kiryar gunduwa-gunduwa, ya jera a inda take, ya ce ya ajiye mini. Na ce ba zan kwanta ƙarƙashinta ba alhali mai ita yana ƙarƙashin darbejiya. Da aka yi rasuwa a maƙwabta na sa aka kwashe ta duka aka kai.

Injin yana rataye a ɗakin Malam, ɗana ke aiki da shi yanzu. Sau biyu zanzaro yana gini a salansar, yana ƙwaƙulewa yana mita. Ya ce in ba shi tsumma ya toshe. Na hana.