Lambun Bayan Sashen Tsirrai

Babana ma'aikacin lambu ne a jami'a, a sashen ilimin tsirrai. Bai taɓa zama a ajin lakca ba, amma in ka ji yana cewa "ɗalibaina" sai ka rantse shi yake sa hannu a digirinsu. Ɗaliban kuwa Baba Lambu suke ce masa. Kullum zai dawo gida wandonsa a jiƙe har gwiwa, Inna ta hau mita cewa ta auri mutum ya koma kwaɗo.

Sashen nan ba kowa ke zuwansa da son ransa ba. Yawancin yaran likitanci suka nema, maki bai kai ba, aka turo su karatun ganye. Makon farko za ka gan su a bakin lambun, fuska a murtuke, kowa yana tambayar inda ake canza kwas. To a nan Baba yake kama su. Sai ya ɗauko dashe a gwangwani ya danƙa wa yaro a hannu, ya nuna masa rami.

"Dasa wannan. Ka ba shi ruwa zuwa ƙarshen zango, daga nan ka je ka canza abinka, ba wanda zai riƙe ka."

Wasu sukan tafi. Da yawa kuwa, da zarar dashen ya fitar da sabon ganye, sai maganar canji ta bi ruwa. Da haka bayan sashen ya zama kurmi, tsamiya a nan, gwaba a can, kowace bishiya da mai ita.

A cikinsu akwai wani siriri da ya zo yana kuka wiwi, wai mahaifinsa ya riga ya gaya wa dangi ɗansa zai zama likita. Baba ya laƙaba masa Likita, sunan kuma ya bi shi. Dashen madaci Baba ya ba shi ya dasa a daidai ƙofar lambun. Yaron nan ya ci abincin gidanmu har Inna ta ware masa kwano. Ina ƙarama yana goya ni a kafaɗa, ni kuma Yaya nake ce masa. Ya gama, ya fita waje ƙaro karatu, ya dawo ya kama koyarwa, a kwana a tashi ya zama farfesa kuma shugaban sashe. Ranar da aka ba shi muƙamin, Baba bai bar kowa ya huta a layinmu ba, hatta mai gyaran takalmi sai da ya ji cewa ɗan Baba ne ke riƙe da sashe.

Ina ajin ƙarshe a sakandare aka fara zancen sababbin kwasa-kwasai. Za a buɗe digiri a kimiyyar muhalli, da na nazarin ƙasa da duwatsu, a haɗa su da na tsirrai a gini guda. Baba ya fi kowa murna, don ya san ɗaya daga ciki zan nema. Sai wata rana ya ga masu awo suna kafa turaku a gefen gwabobi. Ya ajiye tiyo ya nufi ofis da laka a ƙafarsa.

Likita ya taso ya kama hannunsa biyu. "Haba Baba! Ina raye a taɓa lambunka? Faɗaɗa shi ma za a yi. Masu karatun muhalli a ina za su koyi aiki in ba wurinka ba? Da an yi hutu zan ba ka motar sashe, ka je gonar gwaji da kanka ka zaɓo mana sabon dashe. Kada ka yi sauri, ka zaɓa da kyau."

Gonar gwajin tana da nisa, sai an kwana. Baba ya sa Inna ta goge masa rigarsa mai kyau. Na raka shi bakin mota, yana ta lissafa mini abin da zai kawo, har da lemo don ni.

Da ya dawo, direba ya shigo da motar ta bayan sashe, bayanta cike da dashe, ganye yana kaɗawa. Babu lambu. Jar ƙasa ce shimfiɗe da sawun katafila, an tara kututtura a gefe guda. Madacin Likita kaɗai aka bari, wai mai zanen ginin ya ce zai yi kyau a gaban ƙofa. Direban ne ya ba mu labari. Baba ya sauko, ya taka har inda famfo yake a da, ya tsaya yana dube-dube kamar wanda ya ɓata hanya a unguwarsu.

Ni ba ginin ne ya ƙona mini rai ba. Ɗalibai suna buƙatar aji, na sani. Da Likita ya zaunar da tsohon nan ya gaya masa gaskiya, Baba zai yi faɗa, ya yi kuka, ya tono abin da zai tonu. Amma ya dubi idonsa ya kira shi Baba, ya aike shi ɗebo dashe don kada ya tsaya a gaban katafila. Wannan cin amana ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Daga baya ya aiko da saƙo cewa umarni ne daga sama. Shi da kansa bai tako gidanmu ba, kwanonsa kuma Inna ta mayar na ba kaji ruwa.

Baba ya ajiye aiki kafin lokacinsa. Dashen da ya kawo ba wanda ya tambaye shi, sai ya jera su a tsakar gidanmu, har wurin shanya suka cinye. Yana ba su ruwa safe da yamma, amma ya daina cewa "ɗalibaina".

Bana sunana ya fito, an ba ni kimiyyar muhalli, a sabon ginin. Na ce ba zan je ba. Na ce gara in canza zuwa kowane irin kwas da in zauna ina rubutu a kan kabarin bishiyoyinsa, mutumin nan yana koya mini yadda ake kare muhalli. Baba ya bar ni na zazzage tas. Sannan ya tashi a hankali, ya zaɓo lemon nan a gwangwaninsa ya danƙa mini.

"Riƙe, uwata. Ki ba shi ruwa zuwa ƙarshen zango, daga nan ki canza abinki."

Na karɓa, ƙasar gwangwanin tana ɗiga a zanena.

"To Baba, a ina zan dasa shi?"

Ya ɗaga hannu zai nuna mini wuri kamar yadda ya saba. Hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauke shi.