Tukunyar Wardi ta Lyon

Har yau ina tambayar kaina: da na ƙi tafiyar nan, da ya fi mini? Ni Hajiya Mariama nake faɗa da hawaye, jikata Ramatu tana rubutawa, don mutanen Damagaram su ji.

Paris

Mijina Malam Isufu, mai haɗa turare, ya zo neman magani, idonsa ya riga ya tafi. Muka sauka gidan ɗanmu a Saint-Denis. Ramatu, mai karatun shimi, wato ilimin sinadarai, a Lyon, ta ba shi labarin malaman Musulunci na dā da suka gyara tukunyar tatsar ruwan wardi, ta ce irinta na nan inda suke gwaji. Tun yana saurayi yake sayen wardi a kwalba, bai san yadda ake fitar da shi ba.

Ya ce yana son ya san siffarta. Ramatu ta ce: "Kaka, ai sai in kwatanta maka."

"Ke amarya, kwatancenki rabi Faransanci ne. Hajiya za ta je, ta zana mini a tafin hannu."

Na ce jikinsa bai yi daɗi ba. Ya nace.

Hanya

Bayan asuba ni da Ramatu muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka canza, muka kama jirgin ƙasa. Awa biyu yana gudu, shayina bai zube ba. Na ci dambun nama, burodinsu ya fi ƙarfin haƙorana.

Lyon

Malamar Ramatu ta sa mini farar riga, ta kai ni gaban tukunyar. Gilashi ce, ciki kamar tulu, da hula, da dogon baki irin na zalɓe. Aka zuba furen wardi da ruwa, aka kunna wuta, tururi ya hau, ya huce, ya riƙa ɗiga. Da ta yi sanyi na yi ta shafa ta, don hannuna ya riƙe siffarta. Aka cika mini 'yar kwalba.

Komawa

Jirgin yamma ya maido mu. Ɗana na tsaye a tasha, ya kasa kallona. Malam ya cika da azahar, ina can ina shafa gilashi. Wardin nan shi muka yayyafa wa likkafaninsa.

Na dawo gida lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa duk wanda ya riƙe ni a hanya. Siffar tana hannuna har yanzu, babu tafin da zan zana wa.

Ranar da zan fita ina ta jan ƙafa a bakin ƙofa, Malam ya ce:

"Je ki, Hajiya. Ki duba da kyau, idon namu ne mu biyu."